Hawayen Shito

A saman buhunan albasa na shiga ƙasar Gana, kuma har gobe in na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa sai ƙuguna ya amsa. Sunana Hashimu, daga Sabon Birnin Gobir. Ba ma sai na faɗa ba, fuskata kan riga ni: tsagar gidanmu ta taso daga gefen baki ta bazu har gindin kunne, dama da hagu. A gida ba mai kallonta sau biyu. Muna ƙetare Malanbil kuwa ta zama abin kallo, yara na bin motar da gudu suna nuna ni. Ni ko a jikina. Hannu nake ɗaga musu kamar gwamna, don a raina na riga na zama wani abu tunda ga ni a ƙasar waje.

A Jugu aka fara koya mini hankali. Mun tsaya gyaran taya, sai ga wani mutum cikin farar shadda, bakinsa da zaƙi. Ya rungume ni, wai shi ma Bagobiri ne, uwarsa 'yar garin Isa ce. Ya ce ba za a bar ni in wuce iyaka ba sai da katin rigakafi, amma yana da mutum a asibiti, in ara masa wayata ya kira shi. Ya kara ta a kunne, ya zagaya bayan masallaci, wai a can ake samun sabis. Ina nan tsaye har aka yi la'asar aka watse. Da na koma, Malam Ɗanjuma direbanmu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Bagobirin da fuskarsa take sumul, shi ka miƙa wa waya? Kai ma dai, Hashimu!"

Na taya shi dariyar, amma da muka hau hanya sai na ja tampol na rufe kaina. Hoton Inna yana cikin wayar nan, da muryarta da na ɗauka tana yi mini addu'a. Lambarta kaɗai ta rage mini, ita ma don na haddace ta ne.

Daga Kara zuwa Yandi ruwa ne ya raka mu. Albasa ta fara tsiyaya, mu ma muka ɗauki warinta, har in muka shiga masallaci sai a matsa mana. A Yandi wata tsohuwa mai tuwo ta ga yadda nake kallon tukunyarta. Ba mu da yare ɗaya ni da ita. Ta taɓa 'yar tsagar da ke kumatunta, ta nuna tawa, ta yi dariya, ta zuba mini, ta kuma ƙara miya.

A Tamale motar ta ce ita ba inda za ta. Malam Ɗanjuma, Allah ya saka masa, ya damƙa ni hannun wani abokinsa mai doguwar bas. Kai jama'a! Kujera mai laushi, ga sanyi, ga talabijin a saman kai. Fim ake nunawa da yaren Tuwi. Ban ji ko kalma ba, amma na gane mai gadi. Ga shi a bakin ƙofa da riga burgujeje, da buta, da kwari da baka, yana gyangyaɗi a kan benci. An zazzana masa baƙaƙen layuka a fuska da jagira, har da ya yi gumi ɗaya ya fara narkewa. Duk sanda ya buɗe baki sai motar ta kwashe da dariya, wasu su waiwayo su dube ni. Wani ya ce "pepeni," na kusa da ni ya fassara mini cewa ɗan Arewa ke nan. Ka ce na ji haushi? Ina! Ni abin da na gani shi ne mai tsaga a talabijin. Tun ina makaranta ba a wasan kwaikwayo babu ni. Na ce a raina, in mai ta bogi ya samu shiga, ina ga mai ta gaske? Har muka wuce Kintampo da Taciman ina shirya yadda zan riƙa gaida masoyana.

Kumasi ta tarbe ni da labarin cewa Alhajin da aka haɗa ni da shi a kasuwar albasa ya tattara ya koma Akra. Na yi ta bulayi da leda a hannu, har wani mai gyaran takalmi ya dube ni ya ce, "Je ka Zango." Ina shiga na ji kamar an zare mini ƙaya. Hausa ta ko'ina! Tasu ce dai, mai gauraye da Tuwi da Turanci, amma Hausa ce. Ga ƙamshin koko da ƙosai, ga karatun yara daga wata makaranta, ga ƙarar kekunan tela. Na tsaya gaban wata rumfa inda mutane suka yi layi ana zuba musu waace, wato wake da shinkafa irin na nan, jawur da shi. Ina haɗiyar yawu sai na ji murya ta tsaga layin.

"La ilaha! Wa ya saki bawana ya bar shi yana yawo da yunwa?"

Wata dattijuwa ce mai jiki, ludayi a hannu, ɗaurin kanta ya kusa taɓa rufin rumfar. Na dubi ɗaurin nan, na saurari yadda harshenta ke karya Hausar, sai zuciyata ta yi tsalle. Bayarabiya! Mu Gobirawa da Yarbawa taubasai ne tun kaka da kakanni. Kowa cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne, a zagi juna son rai, ba a fushi, ba a kai ƙara. Sharaɗin kawai shi ne in an ba ka, ka mayar. Na gyara tsayuwa.

"Dama ke nake nema," na ce. "Kakana ne ya sayi kakanki da kwandon barkono, har da gyara. Zubo mini abinci, kuma ki rage murya, ana jin ki a Tamale."

Ta saki ludayin ta tafa hannu, ta yi dariya har da hawaye. "Ya iya paa! Zauna, zauna. Kyanwar da ta yakushe ka tana nan da rai?"

"Tana nan. Ita ma ta ƙi abincinku, ta ce manja ya yi yawa."

Sunanta Mma Sikira. A Zangon nan aka haife ta, nan aka haifi uwarta, ko hanyar Ikko ba ta sani ba. Ranar ta ba ni ɗakin da take ajiye itace da tukwane, ta ba ni tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi na kira Inna. Ita ta haɗa ni da Fuseini, wani ɗan Dagomba mai tuƙa aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, muka riƙa jigilar albasa tare. Kullum da safe kafin mu fita sai ni da ita mun gwabza a bakin rumfa, masu layi suna shewa. Wallahi in ban sha zagin Mma ba, ranar ba ta yi mini daɗi.

A haka wani saurayi Ba'asante mai suna Kwabena ya same mu. Ya zo cin waace, ya tsaya da kwano a hannu yana kallonmu baki buɗe, Fuseini na fassara masa. Da muka lafa ya zo ya leƙa fuskata kusa da kusa, ya ce shi mai shirya fim ne, kuma mu biyun nan yake so, yadda muke ɗin nan. Na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Mma kuwa ta ce ita ina ita ina fim, da girmanta. Na bi ta da magiya har gindin murhu, ina wanke mata tukwane, ina ce mata duniya za ta ga yadda ubangida ke horon baiwarsa. Daga ƙarshe ta jefe ni da tsumma ta ce, "Saboda kai ne kawai, don kar a ce na hana bawana arziki."

Ranar ɗauka, tabɗi! Zango ta cika. Mai kwalliyarsu ta zo da jagirarta, ta dube ni, ta mayar da ita jaka tana dariya, wai an riga an yi mata aikin. Suka sa mini rigar saƙi irin ta Dagomba, suka ba ni buta. Na ce wa Kwabena mu Gobirawa ba ma sa wannan. Ya ce Arewa ai duk ɗaya ce. Na ƙyale shi, don a lokacin ko buhu aka ce in sa zan sa. Aka kunna kyamara, ni da Mma muka buɗe wuta. Ba mu taɓa yin irin na ranar ba. Ta ba ni, na mayar, ta ƙaro, na ninka. Har mai riƙe sandar ɗaukar murya sai da ya zauna a ƙasa don dariya. A tsakiyar wasan ta labta mini shito a kwano, yajin nan nasu baƙi mai tashin kai, ta ce in na cika ɗan Gobir in cinye. Na cinye kuwa. Hawaye suka ɓalle mini, hanci na zuba, cokali ya suɓuce na duƙa na ɗauka, ina ɗagowa na ce mata ko guba Yarbawa ba su iya haɗawa ba. Kwabena ya yi ta tsalle yana cewa ya samu abin da yake so.

Ban iya jira ba. Duk wanda na sauke wa albasa sai ya ji labari. Na gaya wa Inna ta shaida wa duk unguwa ɗanta ya zama ɗan fim. Da abin ya fito, aka shirya kallo ranar wata Lahadi bayan azahar a gidan kallon ƙwallo. Na ɗinka sabuwar riga. Mma ta rufe rumfa, ta sha leshi, ta ɗaura wani ɗauri da na bayanta suka yi ta roƙo ta sunkuya. Da fuskata ta cika allon nan, tsagata ɗaya bayan ɗaya, ta gaske, na miƙe tsaye na yi ihu, "Ni ne! Wallahi ni ne!" Gidan ya ɗauki tafi.

Sai Mma ta fito a allon, ta ce, "Bawana, zo nan." Na gyara zama ina jiran amsata, har ina motsa baki. Amsar ba ta zo ba. Aka nuno ni na yi shiru, wani shirun da na yi ina jiran a gyara fitila. Ta sake magana a kan kyanwa da tsaga. Aka nuno ni na duƙa a gabanta, duƙawar ɗaukar cokali. Ta ƙara. Aka sako wani kiɗa mai ban tausayi, aka cika allon da hawayena na shito. Duk abin da na mayar mata an yanke shi, ko ɗaya ba a bari ba. A ƙasa ga fassara da Turanci tana bin kowace kalma tata. Labarin ya zama na wata muguwar baƙuwa mai azabtar da wawan ɗan Arewa, har wani attajiri mai tausayi ya zo ya cece shi. Tafin ya mutu. Na waiwaya, sai na ga kujerar Mma ba kowa.

Kafin a ce me, guntun wurin nan ya shiga wayoyi. Ya je Asokore Mampong, ya je Buokrom, ya je inda ba a san ni ba, ba a san ta ba. Fuseini ya zaunar da ni ya ce, "Cale, abokina, mu ma muna irin wasan nan da Mosawa, amma ana ramawa. Kai a fim ɗin ba ka rama ba. Kuma a garin nan, a ce wa mai tsaga bawa, tsohon ciwo ne, don a da 'yan Arewa masu tsaga aka riƙa bautarwa." Samarin Arewa da ke dako, waɗanda su ne rabin layinta, suka ɗauke ƙafa. Waɗanda suka san gaskiya ma suka ja jiki, ba mai son a gan shi a bencin matar fim. Wata safiya wani yaro a kan babur ya wuce yana ihu wai ta koma Ikko. Tukunyar da kan ƙare kafin hantsi ta riƙa komawa gida da nauyinta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaisuwarta. Na fito da safe, ta dube ni ta ce, "Ina kwana, Malam Hashimu. An tashi lafiya?" Malam! Ta zuba mini abinci ta miƙo da hannu biyu. Da ta kwaɗa mini ludayin a ka da ya fi mini sauƙi.

Na tafi unguwar Dichemso na sami Kwabena a ɗan shagonsa. Ya tarbe ni da murna, wai fim na tafiya. Da na gaya masa abin da ke faruwa, mamaki ya yi na gaskiya. Ya ce shi taimakonmu ya yi, ya sa mutane sun tausaya wa 'yan Arewa. Na ce to ina amsoshina? Ya ce masu kallo ba za su gane yaron gida yana zagin uwar ɗakinsa ba, ba a saba ganin pepeni mai baki a fim ba. Na ce ya ba ni ɗanyen abin da ya ɗauka in nuna wa mutane. Ya sosa kai ya ce an goge, an ɗauki wani fim a kai. Ban zage shi ba. Shi ba taubashina ba ne.

A hanyar komawa wayata ta yi ƙara. Inna ce, kuma ko sallama ba ta gama ba ta hau ni. Ashe guntun ya isa har Sabon Birni.

"Hashimu! An nuna mini Bayarabiya tana wanke ka tas, kai kuma ka tsaya kana kuka? A gidan wa ka koyi wannan? Ka zubar mana da mutunci a ƙasar mutane!"

Na yi mata bayani, na gaya mata halin da Mma ke ciki. Sai ta ce, "Matar da ta ba ka ɗaki? To me kake jira? Je ka rama a gaban kowa."

Na ji wani ƙarfi ya shige ni. Washegari na zaɓi lokacin da titi ya fi cika, masu dako na wucewa, 'yan makaranta na wucewa. Na sa Fuseini ya fito da wayarsa na ce, "Ɗauka, kuma ko me ya faru kada ka yanke." Na tsaya tsakiyar hanya na buɗe murya.

"Ina baiwar kakana? Wa ya ba ki izinin yin fim ba ki tambayi ubangidanki ba?"

Mutane suka tsaya. Mma ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai. Na ƙara, na kawo ta manja, na kawo ta barkono, na ce ɗaurin kanta ya hana jirgi sauka. Ta ci gaba da goge tukunyarta. Sai na ji gumi na bin bayana, don yanzu abin ya juye: ga baƙo yana zagin dattijuwar da ta ciyar da shi. Wani tela ya fito daga shago yana cewa, "Kai, ba ka da kunya?" Na matsa na ɗauke ludayinta, na ce kayan baiwa na ubangida ne. Ta riƙe hannuna a hankali, idonta ya kawo ruwa.

"Hashimu, bari. Wasan ya ƙare kuraa." Wato gaba ɗaya.

Ban san sanda na zaro wayar nan mai fasasshen gilashi ba. Na kira Inna, na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, na ɗora ta a kan murfin tukunya. Muryar uwata ta fito tar a tsakiyar Zangon Kumasi.

"Tana kusa? Ke baiwar gidanmu! Ke ce kika ɗura wa ɗana manja har bakinsa ya mutu? To na gode. Kin ba shi ɗaki, kin ba shi abinci, kin yi aikinki yadda ya kamata. In kika ci gaba da biyayya haka, bana zan sa a 'yanta ki."

Mma ta ƙura wa wayar ido. Na ga kafaɗarta ta motsa. Sai ta fizge ludayin daga hannuna, ta suri wayar da ɗaya hannun.

"Wa zai 'yanta wa? Ke, uwar bawana! Kin turo mini yaro ƙashi da fata, yana warin albasa, ko wanka ba ku koya masa ba! Ku da kyanwa ma ta fi ƙarfinku!"

"Kyanwar ta san mai daraja ne, shi ya sa ta sa mana hannu. Ku ko kallonku ba ta yi ba!"

Wani tsoho Bamoshe da ke zaune a bakin masallaci shi ya fara fashewa da dariya, ya nuna Fuseini da sanda yana cewa, "Ga nawa bawan can yana ɗauka!" Fuseini ya mayar masa ba tare da ya sauke waya ba. Telan nan ya koma yana tafi. Masu dako suka sauke kaya suka matso, ɗaya daga cikinsu ya ɗauki kwano daga kan tebur ya tsaya, wani ya tsaya a bayansa. Mma ta maƙale wayar a kafaɗa, tana zuba musu tana zagin uwata, uwata na ramawa. Mata biyu da ba su taɓa ganin juna ba, kowace tana shaƙewa da dariya.

Ta turo mini kwano da mariƙin ludayi ba ta ko dube ni ba. "Karɓi, mummuna. Ka bar uwarka tana yi maka faɗa."

Na zauna a benci. Rabona da jin Inna na dariya haka tun kafin gona ta gagare mu zuwa saboda 'yan bindiga. Fuseini ya juyo da wayar kaina, ya matso, ya rage murya.

"Cale, in yanke?"

Na ce kada ya kuskura.

Ya nuna kumatuna da suka jiƙe. "To wannan fa? Shito ne?"

Na ce masa shito ne. Kwanon kuwa yana gabana, ko cokali ban sa ba.